Bishop Pierre Claverie na Oran: Makiyayin da Ya Ƙi Barin Aljeriya

Idan aka ambaci shahidan ikkilisiya, hankalinmu yakan tafi zamanin sarakunan Rum. Wanda za mu duba a nan kuwa an kashe shi ne a 1996, a Afirka, cikin ƙasar da kusan dukan mutanenta Musulmi ne. Bishop ne na Katolika, ɗan ƙungiyar Dominikan, wadda 'ya'yanta daga Amurka suka zauna a Gusau cikin shekarun 1950, suka kafa aikin da ya zama dayosis ɗin Sakkwato. Tambayar da ta sha gabansa ita ce tamu a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa: in kisa ya yi yawa, ma'aikacin Ubangiji ya tsaya ne ko ya tashi?

An haifi Pierre Claverie a birnin Aljas a 1938, cikin iyalin Faransawa da suka daɗe da zama a Aljeriya. Shi da bakinsa ya ce ya girma bai san Larabawan da ke kewaye da shi ba, kuma bai taɓa jin an yi wa'azi a majami'a cewa su ma maƙwabtansa ne ba. Wannan abu ya dame shi har ƙarshen ransa. Ya shiga Dominikan a Faransa a 1958, aka naɗa shi fada a 1965, sai ya koma Aljeriya a 1967, bayan yawancin Faransawa sun kwashe sun bar ta. Ya koyi Larabci har ya zama mai koyar da shi. A 1981 aka naɗa shi bishop na Oran, inda Kirista 'yan kaɗan ne ƙwarai, aikin kuma yawancinsa ɗakunan karatu ne da koyar da mata sana'a.

A Janairun 1992 sojoji suka soke zaɓen da jam'iyyar FIS ta kama hanyar cinyewa, yaƙin basasa ya ɓarke. Ana ƙiyasta waɗanda suka mutu tsakanin 100,000 da 200,000, kusan dukansu Musulmi, har da limaman masallatai da dama waɗanda suka ƙi halatta zub da jini. A 1993 ƙungiyar GIA ta ba baƙi wa'adin barin ƙasar. Daga 1994 aka fara kashe fadoji da sistoci.

Claverie bai tafi ba, bai kuma yi shiru ba; ya riƙa la'antar kisan a fili. A wani wa'azi da ya yi a Faransa cikin Yunin 1996, ya kwatanta zamansu da na mai jinyar abokinsa, wanda ba shi da magani amma yana riƙe da hannunsa, ya kuma kawo misalin Maryamu da Yahaya a gindin gicciye. Mu lura cewa bai kafa hujjarsa kan ginin majami'a ko sunan ɗarika ba. Mutane ne suka riƙe shi, akasarinsu kuwa ba membobinsa ba ne.

Daren 1 ga Agusta 1996, ya dawo daga Aljas, bam ya tashi a ƙofar gidansa. Ya mutu nan take tare da Mohamed Bouchikhi, saurayi Musulmi ɗan shekara 21 wanda ya ɗauko shi a mota daga filin jirgin sama, yana sane da hatsarin. Bishop shi ne na 19 kuma na ƙarshe cikin ma'aikatan Katolika da aka kashe a yaƙin.

To, ko wannan yana nufin duk faston da ya bar ƙauye ya zama ɗan ƙodagon nan na Yahaya 10:12? Ba mu ga haka ba. Yesu ya ba almajiransa izinin gudu zuwa wani gari (Matiyu 10:23), Bulus ma cikin kwando aka zura shi daga ganuwar Dimashƙu. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriyar nan, ya warware maganar a wasiƙarsa ga Bishop Honoratus lokacin da mayaƙan Bandal suka doso. Ya ce mai hidima yana iya tafiya idan shi kaɗai ake nema kuma akwai wanda zai kula da jama'a, ko kuma idan jama'ar duk sun watse. Amma in hatsarin na kowa ne, akwai kuma waɗanda suka rage, bai halatta a bar su ba. Agustin ya rasu a 430, garin yana kewaye da abokan gaba.

Da wannan ma'auni, faston da membobinsa suka yi gudun hijira zuwa Funtuwa, ya bi su can, bai yar da garkensa ba. Wanda ya sulale da dare ya bar tsofaffi da gwauraye ba tare da ya shawarci dattawa ba, nasa daban ne. Sai dai mu tuna Claverie ba shi da mata da 'ya'ya. Da yawa cikinmu muna da su, haƙƙinsu kuma yana wuyanmu (1 Timoti 5:8). Kai iyali inda akwai tsaro ba rashin bangaskiya ba ne.

Mu kuma yi hattara da kalmar shahada. An kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi a Mayun 2021, amma 'yan bindigar yankinmu galibi kuɗin fansa da shanu suke nema, kuma Musulmin da suka hallaka sun fi yawa nesa. Ikkilisiyar Aljeriya ta kula da wannan. Ranar 8 ga Disamba 2018, da aka ayyana mutum 19 ɗin a matsayin masu albarka a Oran, limamai sun halarta, an tuna da limaman da aka kashe, kuma a zanen da aka yi domin bikin an sa Mohamed tsaye kusa da motarsa.