Kwamishina Kouamé da matar da ta kai littattafai Adjamé

Duk wanda ya sauka daga motar hayar gbaka a unguwar Adjamé ta Abijan ya san cewa a nan babu abin da ba a sayarwa, har da karatu. A gefen hanya za ka tarar an baza tsofaffin littattafai a ƙasa kamar tumatir, mutanen Abijan kuma suna kiran irin wannan kasuwa librairie par terre, wato kantin littattafai na ƙasa. Yawancinsu na makaranta ne. Amma idan ka tsuguna ka tona, sai ka ci karo da labaran kisan kai da 'yan leƙen asiri, irin na Agatha Christie da Gérard de Villiers, bangonsu duk ya ƙoƙe saboda yawan hannu. An daɗe ana karanta su a garin nan, sai dai kusan kullum mai gano ɓarawon Bature ne, baƙar fata kuwa in ya samu shiga labarin, to direba ne ko ɗan aike.

Marguerite Abouet ta juya wannan tsari. A Abijan aka haife ta a 1971, ta tashi a unguwar Yopougon, tana da shekara 12 aka tura ta Faransa wurin dangi don karatu. Kafin duniya ta san ta, aikin taimaka wa lauyoyi take yi a Faris. A 2005 kamfanin Gallimard ya buga mata Aya de Yopougon, labari cikin zane wanda Clément Oubrerie ya zana, shekara na zagayowa ya ci kyautar littafin farko a bikin Angoulême. Ba yaƙi a ciki, ba yunwa. 'Yan mata ne da samarinsu da iyayensu a ƙarshen shekarun 1970. Daga baya ta fito da Akissi don yara, aka kuma mayar da Aya fim a 2013.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne Commissaire Kouamé, da ya fito a 2017 da zanen Donatien Mary. An tsinci gawar wani babban alƙali a wani otal da mutumin kirki ba zai so a gan shi a ciki ba, manya suna so a rufe maganar, aka damƙa binciken a hannun Kwamishina Kouamé. Mutum ne mai ji da kai, mai son kwat da gayu, ga zafin hannu. Yadda yake tatsar magana daga bakin waɗanda ake zargi ba abin koyi ba ne, marubuciyar ma ba ta wanke shi ba. Mataimakinsa Arsène, wanda ke tuƙa shi yana shan faɗa, shi ne Baturen. Abouet ba ta tsaya yin huɗuba a kan wannan ba, ta bar mai karatu ya gani ya yi dariyarsa.

Labarin bincike ba ya tsayuwa sai da gari. Dole marubuci ya san wa ke tsoron wa, wace ƙofa ce kuɗi ke buɗewa, wane lungu ne ɗan sanda ke shiga da sallama. Abouet ta san Abijan ta wannan fuska, mutanenta kuma da Faransancin titi suke magana, ba na Faris ba. Shi ya sa ko da zaren binciken ya ɗan yi sako-sako, kuma a ganina yana yi, hayaniyar garin tana riƙe mai karatu.

Ta kuma lura da abin da marubuta da yawa ke kawar wa kai: littafin da aka buga a Faransa ya fi ƙarfin aljihun yaron Adjamé. Don haka ta kafa ƙungiyar Des livres pour tous, ma'ana littattafai don kowa, wadda ta buɗe ɗakin karatu na yara a Adjamé, sannan wani a Treichville, can ƙetaren gada. Unguwannin nan biyu kuwa Hausawa sun daɗe a cikinsu, daga masu tsire da 'yan tireda zuwa masu garba, abincin nan na attiéké da soyayyen kifi da ake cewa sunan wani ɗan Nijar ya ci.

Mu Hausawa ma ba baƙi ba ne a fagen labaran nishaɗi irin waɗannan. Tun 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a Zariya, inda wani yaro ya haɗu da baƙo daga sararin samaniya ya tafi da shi yawo. Kasuwar littattafan Kano daga baya ta fi karkata ga soyayya da zaman aure. Jikan mai tsiren Treichville da ke zaune yau a ɗakin karatun Abouet da Faransanci yake karatu, da wuya kuma a ce ya taɓa jin sunan Dembo. A gida dai da Hausa kakarsa ke kiransa ya zo ya ci tuwo.