Maganar Da Ba A Fayyace Ba Ita Ke Cinye Ribar Falke

 Na daɗe ina zama tare da dattawan kasuwa wajen sasanta rigingimun ciniki, kuma abin da na lura shi ne, mafi yawan ƙararrakin da ake kawowa babu sata a cikinsu, babu cuta da gangan. Magana ce aka yi a bakin turke, kowa ya tashi da tasa fahimtar, sai ranar biya a ga an sha bamban.

Duk wanda ya san kasuwar Mora ta ran Lahadi ya san ciniki ɗaya yakan ratsa harshe uku kafin a miƙa igiya. Mai saniya Bafillace ne ko Balaraben Shuwa, dillali ɗan Mandara ko Babarbare, mai saye Bahaushe, takardar da za a bi hanya da ita kuwa da Faransanci aka rubuta ta. Kowannenmu yana jin kaɗan-kaɗan daga harshen ɗan uwansa, to wannan kaɗan ɗin shi ne haɗarin, domin wanda bai ji komai ba yakan nemi tafinta, amma mai rabin ji sai ya gyaɗa kai ya ce ya gane.

Babban ramin da ake faɗawa shi ne ƙidayar kuɗi. A ƙasashen sefa ba da sefa ɗaya-ɗaya ake ƙirga kuɗi a kasuwa ba, da dala ake yi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Saboda haka idan tsoho ya ce maka ɗari, mai yiwuwa dala ɗari yake nufi, wato sefa 500. Dala ɗari biyu ita ce jaka, sefa 1,000, wadda Fulani ke kira booro. Larabawan Cadi da Shuwa su kuma riyal suke ce wa dala, miya a bakinsu sefa 500 ce, alif kuwa riyal dubu ne, wato sefa 5,000. Da ka tsallaka Banki sai lissafin ya sake. Jaka a Najeriya asalinta fam 100 ce, da aka fito da naira a 1973 aka mai da fam ɗaya naira biyu, sai jaka ta zama naira 200. Dala kuma, tsofaffin can sule biyu suka sani, yaran yanzu kuɗin Amurka suke nufi. Kun ga kalma ɗaya, kuɗi iri uku.

Ni kaina na sha wannan tun ina yaron maigida. A 1994, bayan an karya darajar sefa da rabi a watan Janairu, farashi ya rikice, kowa yana lalube. Maigidana ya sa ni tafinta tsakaninsa da wani ɗan Cadi da ya gangaro da shanu ta Kusiri. Ni da ɗan Larabcina na Islamiyya ina ji da kaina, da na ji mutumin ya ce karsana alif ishirin sai na juya na ce wa maigida jaka ashirin. Maigida ya dube ni ya ce, "Kai yaro, karsana yake sayarwa ko akuya?" Ashe jaka ɗari mutumin yake faɗi. Wannan an yi dariya ya wuce, domin tazarar ta yi yawa, ba mai faɗawa. Amma da safiyar ranar na riga na yi jinga da masu kore uku a kan alif-alif, ina tsammanin jaka-jaka ce, kuma kunya ta hana ni komawa in gyara. Da suka iso da shanu kowa ya tsaya a kan jaka biyar ɗinsa, kuma su ke da gaskiya. Maigida ya biya su, ya cire cikon jaka goma sha biyu daga ladana.

Tun daga ranar na gane cewa kuskuren lamba ba ya ɓuya a cikin babban kuɗi. A ƙananan kuɗi yake ɓuya: la'ada, kuɗin kore, kuɗin mota, kafin alƙalami, ciko. Nan ne jaka ɗaya da jaka biyar duk suke iya zama daidai, ba wanda zai ce maka akuya ce. Maganinsa kuwa ba wuya. Faɗi lamba cikakkiya, ka haɗa da sunan kuɗin, sefa ko naira, sa'an nan ka sa abokin ciniki ya maimaita da harshensa. In akwai waya a hannu danna lambar ka nuna masa. Ba raini ba ne, kuma wanda ya ji haushin an maimaita masa lamba, to a sa masa ido.

Idan bashi ne, a faɗi da wane kuɗi za a biya. Sefa tana ɗaure da yuro tun 1999, kusan sefa 656 a yuro ɗaya, ita kuwa naira tun da gwamnatin Najeriya ta sake ta a watan Yunin 2023 ta yi faɗuwar da kowa ya gani. Wanda ya ba da bashin shanu da naira alhali da sefa ya saye su, ya san abin da nake faɗi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma har yanzu wasunmu suna ganin a ce a rubuta kamar zargi ne.

Sai kalmomin ƙulla ciniki. Bahaushe in an yi masa tayin da bai kai ba yakan ce albarka, ma'ana ban sayar ba, Balarabe kuma ya ce yafta Allah. Baƙon da bai saba ba sai ya ɗauka addu'a aka yi masa, ya kai hannu ga igiya. Ciniki ba ya faɗawa sai mai dabba ya ce na sallama, mai saye ya ce na saya, a gaban shaida. Amma "bari in zaga in dawo" da "ajiye mini" da "mun gama in Allah ya yarda" ba su ɗaure kowa ba, kuma su ne ke sa a sayar da sa ɗaya ga mutum biyu. Haka "sai kasuwa mai zuwa". Wace kasuwar? Ta Mora ran Lahadi, ta Marwa ran Litinin, ko ta Bogo ran Alhamis? A ambaci gari, a ambaci rana.

Wajen siffanta dabba ma muna da sakaci. "Sa mai kyau" ba siffa ba ce. Mai saye daga nesa yana son ya ji Gudali ne, ko jan Bororo, ko farin Aku, ko na Shuwa, bijimi ne ko dandaƙaƙƙe, haƙori nawa ya fitar. Haƙori biyu kusan shekara biyu ke nan zuwa biyu da rabi, wanda ya cika takwas ya doshi biyar, kuma wannan ma'auni ne da ba ya bukatar tafinta. Yana da kyau yaranmu su riƙe 'yan kalmomin Fulatanci na sana'a: nagge saniya, wiige karsana, ngaari sa, kalhaldi bijimi. Aibi kuma a kira shi da sunansa. "Tana ɗan tari" daban, ciwon huhu daban, kuma wanda ya ce wa boru ɗingishin hanya ya jawo wa garken ɗan uwansa bala'i. Ɓoye aibi haramun ne, wannan tun a Risala muka karanta shi, ba sai na tsawaita ba.

Ina da magana da 'yan uwana dillalai, a yi mini haƙuri. Ɗabi'ar nan ta juya harshe a tsakiyar ciniki, a koma Hausa ko Barbarci don kada mai saniya ya ji abin da aka taya, ita ke zubar da mutuncinmu. Bafillatanin daji yana da kunya, ba zai ɗaga murya ba, sau da yawa ma ba zai yanke wa dabbarsa kuɗi da bakinsa ba, sai dai ya saurara. Shirunsa ba yarda ba ne, ba kuma rashin ji ba ne, lambobin duk yana tsinta. Ba zai yi faɗa da kai ba, kasuwa mai zuwa dai za ka hango shanunsa a turken wani. Tafinta amana ce: abin da aka taya shi za ka faɗa, la'adarka kuma ka ambace ta daban a fili. Kuma a gaishe shi tukuna, a tambayi gida da garke da ruwa, a ce masa Baba ko Arɗo in shi ne, kafin a taɓa dabba.

Tun da rikicin Boko Haram ya toshe hanyar Amcide da Banki zuwa Bama da Maiduguri a 2014, da yawa daga cikinmu suka juya kudu, Garwa da Ngaundere har Yawunde da Duwala, inda Faransanci ke aiki. Ba na cewa tsoho ya koma aji, amma abu huɗu dole ne mai rakiyar shanu ya iya dubawa a takardar likitan dabbobi da resin haraji: yawan kawuna, kwanan wata, garin da za a je, da hatimi. Takardar da ta ce 28 alhali 30 ke cikin mota, duk daɗin bakinka ba zai fisshe ka a shinge ba. A kuma lura da rubutun lamba. Mai ilmin Faransanci yana rubuta 1 da ɗan ƙugiya har ta yi kama da 7 a idon wanda ya saba da rubutun Najeriya, shi ya sa yake ja wa 7 layi a tsakiya. Dubu kuma da ɗigo ko fili yake raba ta, ya rubuta 350.000 inda ɗan Najeriya zai sa waƙafi. Ƙidayarsu ma da murɗiya, tamanin a bakinsu ashirin huɗu ce, casa'in kuwa ashirin huɗu da goma.

Yanzu kuma rabin ciniki a waya ake yin sa, ana iska, shanu na kuka. Arba'in da saba'in a waya kusan ɗaya suke, haka sittin da tis'in, haka sis da dis na Faransanci, shida da goma. In an gama magana a aika saƙon murya ta WhatsApp, a faɗi yawan dabbobi da kuɗi da ranar biya, ɗayan ya amsa da nasa, kada kowa ya goge. Kafin a tura kuɗi ta Orange Money ko ta MTN a karanta wa mai karɓa lambar da za a tura wa da adadin kuɗin, ya ce e, sa'an nan a danna.