Yadda Ake Yaye Malamin Tijara a Kwalejin Dordt ta Amurka

A arewa maso yammacin jihar Ayowa ta ƙasar Amurka, inda gonakin masara da waken suya suka miƙe iyakar ganin ido, akwai wani ɗan gari mai suna Sioux Center, wanda mutanensa ba su wuce dubu takwas da 'yan kai ba, da yawansu kuwa jikokin manoman Holan ne da suka yi ƙaura zuwa wannan yanki tun wajen 1870. Da yake su mabiya wata ɗariƙar Kiristanci ne mai tsananin kula da tarbiyyar 'ya'ya, sun saba gina makarantunsu da kuɗin aljihunsu. Da makarantu suka yawaita, malamai suka yi ƙaranci, sai suka buɗe kwaleji a 1955, da ɗalibai 35 da malamai biyar, maƙasudinsu kawai ta riƙa yaye musu masu koyarwa. Ita ce Dordt, wadda ta ɗauki sunan birnin Holan da malaman ɗariƙar suka yi babban taro a cikinsa a 1618 zuwa 1619. Ko da yake tun 2019 ake ce mata jami'a, har yau ɗalibanta wajen dubu biyu ne kacal. 

Daga cikin malaman da kwalejin ke horarwa akwai wanda zai koyar da ilmin tijara a sakandare, kuma a ganina babu wanda ya fi shi wuyar horarwa, saboda sai ya haɗa sana'a biyu da ba kasafai suke zama a ƙirji guda ba. Akwai tajirin da ya san riba da faɗuwa tamkar tafin hannunsa, alhali ba ya iya fahimtar da yaro ko guda. Akwai kuma malamin da ya ƙware wajen riƙon aji, amma bai taɓa daidaita daftarin hisabi ba.

Hukumar jihar Ayowa, wadda ita ce ke ba da ijazar koyarwa, ba ta bar al'amarin ga son ran kowace makaranta ba. Ta shar'anta wa mai neman koyar da tijara daga aji na 5 zuwa na 12 ya cika sa'o'in darasi 30 a wannan fanni, kowace sa'a kuwa tana nufin zama guda a mako har ƙarshen zango: shida a ilmin akanta, shida a tattalin arziki, shida a dabarun tallata haja, sauran a raba su uku-uku tsakanin shari'ar ciniki da yarjejeniya, da shugabancin ma'aikata, da aikin kwamfuta, da rubutun wasiƙun kasuwanci. Bayan wannan sai ya yi aƙalla sa'a 80 yana zama cikin azuzuwan wasu malamai, yana kallo, yana taimako, kafin a miƙa masa aji ya yi gwajin koyarwa na aƙalla mako 14 a shekararsa ta ƙarshe.

A nan ne ake gane wanda ya iya. Ka ɗauka ɗalibin ya tsaya gaban yara 'yan shekara goma sha shida, ya raba allo gida biyu, ya nuna musu cewa duk kuɗin da aka rubuta a hagu lalle ne a sami takwaransa a dama, bisa ƙa'idar da Luca Pacioli ya wallafa a Italiya tun 1494; sa'an nan ya rubuta dala 1,000 da aka ranta da katin bashi a kan ruwa 20 bisa ɗari, ya bar su su lissafa da kansu yadda za ta zama 1,200 bayan shekara, ta zama 1,440 bayan shekara biyu in ba a biya komai ba. Malamin ajin yana zaune a baya yana rubuta abin da ya gani, malamin kwaleji kuma yana zuwa daga lokaci zuwa lokaci, su zauna da shi su gyara masa. Ƙanƙantar makaranta a nan alheri ce, domin wanda ya zo duba shi ya san shi tun shigowarsa.

Amma dukkan wannan ana samunsa a jami'o'in gwamnati. Abin da Dordt ta ƙara shi ne aƙidar da ta gada daga Abraham Kuyper, malamin addini da ya riƙe firayim ministan Holan daga 1901 zuwa 1905, cewa babu wani sashe na rayuwa, kasuwa ce ko gona ko ofis, da ya fita daga ikon Ubangiji. Don haka kowane ɗalibi, ko mene ne fanninsa, sai ya ratsa darussan Littafi Mai Tsarki da tarihi da falsafa, a kuma nuna masa dukiya amana ce da za a tambayi mai ita. Wanda ya karanta babin ciniki a littattafan fiƙihu, ya san gargaɗin da ke kan masu tauye mudu, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Littafin Karin Magana na Kiristoci ma ya la'anci ma'aunin algus.

Sai dai fa akwai wani ƙulli. Da yawa daga cikin waɗanda aka yaye makarantun gwamnati suke shiga, inda kotun ƙolin Amurka ta hana hukumar makaranta jagorantar addu'a tun 1962, saboda haka malamin da aka tarbiyyantar a kan aƙida ba shi da ikon yin wa'azi a aji. Abin da ya rage masa shi ne ya bayyana imaninsa ta hanyar aikinsa: ya ƙi ƙara maki don alfarma, ya koya wa yaro cewa ɓoye aibin haja zamba ne ko da doka ba ta kama shi ba, ya riƙe kuɗin ƙungiyar ɗalibai ba tare da anini ya ɓace ba. Ni dai ina ganin wannan ya fi wa'azin tasiri, ya kuma fi shi wuya.

Wahala ta biyu ita ce kuɗi, domin kwaleji ce mai zaman kanta da karatunta ke da tsada, ga shi kuma wanda ya iya akanta yana ganin kamfanoni a shirye suke su biya shi fiye da albashin malami, balle na makarantun coci, da galibi ba su kai na gwamnati ba. Wanda ya jure ya zaɓi allo, ijazar da zai fara karɓa ta shekara biyu ce; ba za a ba shi cikakkiya ba sai ya koyar shekara biyu a makarantar gwamnatin jihar, ko uku a mai zaman kanta, an kuma shaida ingancin aikinsa.