Kuɗin talla a shafin intanet: Lissafin da ya kamata matashin Sakkwato ya yi kafin ya fara

A gidajen WhatsApp na ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da wuraren gyaran waya a cikin garin Sakkwato, ba wuya a ga ana yaɗa hoton da ke nuna daloli sun taru a asusun Google AdSense na wani. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne mutum nawa suka karanta shafin, daga wace ƙasa suke, da kuma nawa aka kashe kafin a kai ga wannan kuɗi. Samun kuɗi ta hanyar talla a shafin intanet gaskiya ne, amma sana'a ce ta lissafi. Wanda bai yi lissafin tun farko ba, zai iya ƙarar da kuɗin data da watanni da dama bai karɓi ko sisi ba.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Wanda ya san yadda dillali yake aiki a kasuwar Kara ya riga ya fahimci rabin tsarin. Mai shafi yana da fili a shafinsa, kamfanoni suna neman inda za su kafa tallarsu, Google kuma shi ne dillalin da ke haɗa su ya cire la'adarsa. Duk lokacin da wani ya buɗe shafin, ana yin gwanjo cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, kuma tallar da ta fi tsoka ita ce ke bayyana a wayar mai karatu.

Tun shekarar 2003 Google ya fito da AdSense. Shekaru da yawa ana biyan masu shafuka ne galibi idan an danna talla, amma daga farkon 2024 kamfanin ya koma biya bisa yawan ganin tallar. A jimlace, idan mai talla ya biya ta hanyar Google Ads, abin da ke isa hannun mai shafi ya kai kimanin kashi 68 cikin 100.

RPM: lambar da ta fi kowace muhimmanci

RPM shi ne abin da shafi ke samu a duk buɗewa 1,000. Wannan lamba ba ɗaya ba ce ga kowa. Kamfanoni sun fi zuba kuɗi a kan mai karatu da ke Amurka ko Ingila fiye da wanda ke Mabera ko Arkilla, domin suna ganin ya fi yiwuwa ya sayi kayansu da tsada. Haka kuma shafin da ke magana kan harkar kuɗi ko na'urori ya fi samun talla mai tsada a kan na barkwanci da tsegumi.

Ga misali don a gane lissafin. AdSense ba ya biya sai kuɗin mutum ya kai dala 100. Idan RPM na shafi rabin dala ne, sai an buɗe shi sau 200,000 kafin a kai wannan adadi. Idan kuwa dala 5 ne, buɗewa 20,000 ta wadatar. Shafin da ake buɗewa sau 300 a rana a kan rabin dala zai shafe kusan shekara biyu kafin a biya shi karon farko. Kuɗin ba ya ɓata, yana taruwa ne wata bayan wata, amma kuɗin data da na hostin ba sa jira.

Yanayin shekara ma yana da tasiri. Farashin talla yakan tashi daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da manyan kamfanoni ke rububin cinikin ƙarshen shekara, sannan ya faɗi a Janairu. Wanda ya ɗauki abin da ya samu a Disamba a matsayin albashin kowane wata zai sha mamaki.

Babban cikas: harshen Hausa

Wannan shi ne abin da masu sayar da kwas ɗin "yadda ake samun dala" ba sa son faɗa. AdSense yana da jerin harsunan da ya amince da su, irin su Ingilishi da Larabci da Faransanci da Urdu, kuma Hausa ba ta cikinsu. Dokar kamfanin ta hana sanya tallarsa a shafin da akasarin rubutunsa yake cikin harshen da ba ya jerin. Shi ya sa ake yawan ƙin karɓar shafukan Hausa zalla.

Wasu kan yi wayo, su cika shafi da rubutun Ingilishi har a karɓe shi, daga baya su juya zuwa Hausa. Wannan gini ne a kan rairayi, domin ana ci gaba da bibiyar shafi bayan an karɓe shi, kuma ana iya dakatar da tallar a kowane lokaci. Hanyoyin da suka fi aminci guda uku ne: mutum ya gina shafi na Ingilishi na gaske a kan abin da ya sani, ko ya koma ga wasu dillalan talla irin su Adsterra waɗanda sharuɗɗansu suka fi sauƙi, ko kuma ya sayar da filin tallarsa da kansa ga 'yan kasuwar gari.

Wanda ya zaɓi wasu dillalan sai ya riƙa duba shafinsa a waya kullum. Tallar caca ko hoton da bai dace ba, idan ya faɗo a gaban mai karatu sau ɗaya, ya isa ya zubar da mutuncin da aka daɗe ana ginawa. A AdSense akwai wurin toshe nau'o'in talla da mutum ba ya so, kuma ya kamata a tambayi duk wani dillali ko yana da irin wannan dama kafin a sanya masa lamba a shafi.

Matakan karɓar kuɗi daga Sakkwato

Dole mai asusu ya kai shekara 18, kuma asusu ɗaya kawai aka yarda mutum ya mallaka. Sunan da ke kan asusun ya zo daidai da na katin shaida da na banki, harafi da harafi. Bambanci tsakanin Usman da Usmanu ko Muhammad da Muhammadu kaɗai na iya jawo jinkiri.

Idan kuɗi ya kai dala 10, Google yana aiko da lambar PIN mai lambobi shida ta gidan waya don tabbatar da adireshi, kuma wata huɗu ake ba mutum ya shigar da ita, in ba haka ba a daina nuna talla a shafinsa. A nan ne da yawa ke maƙalewa. Adireshi irin na "bayan masallacin Juma'a, Runjin Sambo" ya ishi ɗan achaɓa, amma bai ishi wasiƙar da ta taso daga ƙasar waje ba. Ya fi kyau a yi amfani da akwatin gidan waya ko adireshin shago ko ofis da ke bakin babban titi, sannan a riƙa leƙawa ofishin NIPOST ana tambaya. Idan wasiƙar ba ta iso ba bayan wasu makonni, akwai damar neman a sake aiko da wata.

Biyan kuɗin kansa yana da kalanda. A farkon kowane wata ake kammala lissafin watan da ya wuce, a cire duk abin da aka gano na jabu ne. Idan abin da ya rage ya kai dala 100, sai a tura shi tsakanin ranar 21 zuwa 26 ga wata, ya ƙara 'yan kwanaki a hanya kafin ya sauka. Ana buƙatar lambar asusu da lambar SWIFT ta banki. Yawancin masu wannan harka sun fi son asusun dala, domin shi ke ba su damar zaɓar ranar da za su canza kuɗinsu.

Abin da ke kashe asusu

Babu abin da ke rufe asusu da sauri kamar dannawar jabu: mutum ya danna tallar shafinsa, ko ya roƙi 'yan gidansu su danna, ko ya shiga gidan WhatsApp na "danna mini in danna maka". Google yana ganin irin wayar da wurin da take da tsawon lokacin da aka ɗauka a shafi. Mutum ashirin daga unguwa ɗaya suna danna talla kullum ba sa karanta komai, abu ne da na'ura ke ganewa cikin sauƙi. Haka ma sayen maziyarta na bogi da sayen tsohon asusu a hannun wani. Idan aka rufe asusu, ana iya riƙe kuɗin da ke ciki a mayar wa masu talla, kuma da wuya a sake karɓar mutumin. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Tallar gida: kasuwar da ke bakin ƙofa

Mai karatun da ba shi da tsada a idon kamfanin Amurka, shi ne ainihin wanda mai shagon waya a titin Emir Yahaya ko mai sayar da shadda a Babbar Kasuwar Sakkwato yake nema. A nan shafin Hausa ya fi na Ingilishi daraja, kuma babu dillalin da zai ci la'ada.

A sake duba lissafi. A ce shaguna uku kowanne ya biya naira 10,000 a wata, an samu naira 30,000 ke nan. Idan dala tana naira 1,500, wannan daidai yake da dala 20, abin da shafi mai RPM na rabin dala ba zai samu ba sai an buɗe shi sau 40,000. Kuma kasuwar gida tana da nata lokacin: azumi da gabanin sallah ga teloli da masu yadi da takalma, lokacin komawa makaranta ga masu sayar da waya da kwamfuta.

Sai dai ɗan kasuwa ba ya biyan kuɗi a kan labari. Mai shafi ya nuna masa alƙaluman Google Analytics a waya, musamman adadin masu karatu daga Sakkwato da kewaye. A rubuta yarjejeniya ko da a takarda ɗaya ce: girman tallar, inda za ta zauna, kwana nawa, nawa ne kuɗin. A rubuta "Talla" a saman kowace, don kada mai karatu ya ɗauke ta labari, sannan a guji tallar maganin da ba shi da rajistar NAFDAC komai kuɗin da aka bayar.

Riƙon abin da aka samu

Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Wannan ya sa kuɗin talla ya yi auki idan an canza shi, amma hostin da wasu manhajoji ma da dala ake biyansu. Saboda haka kafin a canza komai, a fara ware kuɗin sabunta sunan shafi da hostin na shekara a bar shi a dala. Shafin da wa'adin sunansa ya ƙare na iya faɗawa hannun wani, wahalar shekaru ta tafi a banza.

Bayan wannan sai a buɗe littafi, ko a takarda ko a Google Sheets, ana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kowane wata: data, cajin waya ko man janareta, kuɗin masu taya rubutu, da abin da banki ya cira. Wannan littafi ne zai nuna ko riba ake ci ko uwar kuɗi ake cinyewa, kuma shi ne hujja idan maganar haraji ta taso, tunda kuɗin intanet ma kuɗin shiga ne a idon doka.

Ga wanda ke shirin farawa, abin da ya fi dacewa shi ne ya yi wata uku yana rubutu a kan abin da ya sani sosai, kamar farashin wayoyi a kasuwar gari ko bayanan neman gurbin karatu, ba tare da ya sanya talla ko ɗaya ba. A ƙarshen wata ukun ya duba mutum nawa suka zo, daga ina suke, da wane harshe suke karatu. Waɗannan amsoshi uku su ne za su nuna masa ko AdSense zai nema, ko shagunan cikin gari zai fara zagayawa.