Ƙayyade Farashi: Ikon Hukuma da Iyakarsa a Dokar Gasa ta Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Masu fassara sukan yi amfani da lafazin "ƙayyade farashi" a kan abubuwa biyu mabambanta, wato wanda hukuma take yi da wanda 'yan kasuwa suke ƙullawa a tsakaninsu. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda doka ta rarrabe su, da kuma inda ikon hukuma ya tsaya.

2.0 Waiwaye

Tsoma bakin hukuma a kasuwa ya samo asali tun zamanin Turawa, lokacin da hukumomin sayen amfanin gona suke yanke farashin gyaɗa da auduga da koko, manomi kuwa ba shi da ta cewa. A 1970 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar ƙayyade farashin kayan masarufi, aka kuma sabunta dokar a 1977. Abin da aka sha gani shi ne, da zarar an tilasta farashi sai kaya su ɓace daga kanti, su ɓulla a bayan fage da tsada. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona.

3.0 Abin da Doka Ta Tanada

Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta haramta wa 'yan kasuwa haɗa baki a kan farashi, ta kuma hana kamfanin da ya mamaye kasuwa amfani da ƙarfinsa domin danne abokan gasa.

Dangane da hukuma kuwa, sashe na 88 ya ba Shugaban Ƙasa ikon ƙayyade farashi, amma bisa sharuɗɗa. Na farko, sai an tabbatar gasa ta yi ƙaranci a wannan kasuwa, ko tana shirin raguwa. Na biyu, sai matakin ya kasance maslaha ce ga masu saye ko masu samar da kayan. Na uku, sai hukumar ta gabatar da rahoto, sannan a buga umurnin a gazet. Ke nan tsada ita kaɗai ba hujja ba ce. Haka kuma, duk ma'aikatar gwamnati da ta shiga ciniki, dokar ta hau kanta kamar kowane ɗan kasuwa.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa ɗayan laifi ne, ɗayan kuwa iko ne mai dabaibayi. Mai fassarar da ya gwama su zai sa mai sauraro ya tuhumi hukuma da ƙin yin abin da doka ta taƙaita mata. Don haka ana ba da shawarar a keɓe "ƙayyade farashi" ga aikin hukuma, a kira na 'yan kasuwa "haɗin baki a kan farashi".