Fasali a kan jinyar iyaye a ciwon ajali

Da sunan Allah na fara, tsira da aminci su tabbata ga Annabi. Bayan haka, ka sani ya kai ɗalibi, na rubuta wannan domin ɗan da ciwon mahaifinsa ya yi nauyi.

Na farko, ciyar da shi wajibi ne a kanka in shi matalauci ne, kai kuwa mawadaci. Aya ta 23 cikin Suratul Isra'i ta hana ka ko da nuna ƙosawa. Uwaisul Ƙarni ya zauna Yaman saboda uwarsa, bai ga Annabi ba, duk da haka aka yabe shi.

Na biyu, ka nema masa magani, ka riƙa juya shi kada gyambo ya fito masa. In haɗiya ta gagara, kada ka ɗura masa kunu ya shaƙe, sai ka jiƙa leɓɓansa. In ruwa na cutar da shi, ya yi taimama, ya yi salla a zaune ko a kwance.

Na uku, tun yana cikin hankalinsa ka rubuta bashinsa da wasiyyarsa. Wasiyya ba ta wuce sulusi, babu ita ga magaji, sai in magada sun yarda.

In mutuwa ta kusanto, Ibnu Abi Zaid, wanda ya rasu 386 bayan Hijira, ya ambata cikin Risala an so a fuskantar da shi alƙibla, a laƙƙana masa kalmar shahada. Ni ina cewa ka faɗe ta a hankali kusa da kunnensa, kada ka matsa masa, tsoron kada ƙunci ya sa ya ƙi.

Tamat. Allah shi ne masani.