Ƙaiƙayin da Tushensa ke Cikin Hanji



Dare ya raba, mutum bai runtsa ba, yana ta susa har jini. Gari na wayewa sai ga ƙananan ƙuraje masu ruwa sun yi cincirindo a gwiwoyin hannu, da na ƙafa, da ɗuwawu, dama da hagu kamar an auna. Sau da yawa likita ba ya ma tarar da su, farce ya riga ya farfasa. Wannan ya ce ƙazwa ce, wancan ya ce kirci. A shafa wannan, a shafa wancan, shiru kake ji.

Wani likitan fata a Filadelfiya ta Amurka, Louis Duhring, shi ya fara bayyana ciwon a 1884. Amma sai a 1966 likitoci a Ingila suka gano cewa masu wannan ƙaiƙayi hanjinsu ma ya taɓu, irin taɓuwar cutar siliyak. A wannan cuta, garkuwar jiki ce ke yaƙar gulutin, sinadarin da ke sa kwaɓin alkama danƙo, kuma akwai shi a sha'ir. Garin yaƙin sai ta ɓarnata bangon hanji, wasu daga cikin dakarunta kuma su bi jini su taru ƙarƙashin fata. Abin mamaki, da yawa daga masu ƙaiƙayin ba gudawa, ba ciwon ciki. Fatar ce kaɗai ke kai ƙara.

Akwai magani, dafson, wanda aka sani wajen kuturta. Cikin kwana biyu ko uku ƙaiƙayin ya lafa. To amma a yi hattara: yana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin masu ƙarancin sinadarin G6PD, kuma wannan gado ne da ya yawaita a Afirka ta Yamma. Ba abin saye a kemis ba ne, sai an auna jini. Hanjin kuma, ko oho, ba ya warkar da shi.

Waraka tana ga barin alkama da sha'ir har abada, kuma fata kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu kafin ta huce. Burodi, taliya, gurasa, alkaki, funkaso, tuwon semo, duk a yi musu sallama. Ɗanwake ma a tambaya, don wasu na zuba fulawa. Mu dai mun yi sa'a: gero, dawa, masara, shinkafa da acca ba ruwansu da gulutin.

Sai dai kada a bar alkamar kafin gwaji. In an bari, alamun na iya ɓuya, jini da ɗan yankin fatar da za a auna su nuna lafiya lau.